John Dalton: malamin lakwal da ya shekara 26 bai san idonsa ya bambanta da na jama'a ba

Duk wanda ya yi lakwal har ya kai kwaleji, da wuya a ce bai taɓa jin kalmar daltonien ba. Da ita ake kiran mutumin da ba ya iya bambance wasu launuka, musamman ja da tsanwa, ita kuwa matsalar ana ce mata daltonisme. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, daga sunan mutum aka samo kalmar. Sunansa John Dalton, malamin makaranta ne ɗan ƙasar Ingila, ya rasu a shekarar 1844. Masana kimiyya sun fi tunawa da shi saboda aikinsa a kan ƙwayar zarra, amma takarda ta farko da ya karanta a gaban ƙungiyar masanan birnin Manchesta, a kan idanunsa ya rubuta ta.

Labarin mutumin nan ya shafi iyaye da malaman makaranta kai tsaye. Dalton mutum ne mai lura ƙwarai, wanda kullum sai ya auna zafi da iska da ruwan sama ya rubuta, kuma ya fi shekara goma yana koyar da yara. Duk da haka sai da ya kai shekara 26 sannan ya gane cewa yadda yake ganin launuka daban yake da yadda sauran mutane ke ganinsu. Idan mutum irin wannan bai gane da wuri ba, babu yadda za a yi yaro ɗan shekara 7 da ke aji CP ya gane da kansa, balle ya yi wa malaminsa bayani.

Ɗan masaƙi da ya fara koyarwa yana shekara 12

An haifi John Dalton a farkon watan Satumba na 1766 a Eaglesfield, wani ƙaramin ƙauye na yankin Cumberland, a arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinsa Joseph masaƙi ne mai saƙar hannu a cikin gida, ba shi da wani abin hannu. Sunan mahaifiyarsa Deborah. Ƴaƴansu uku ne suka rayu har suka girma: Jonathan, Mary da John.

Gidansu mabiya wata ɗariƙar Kirista ce da ake kira Kweka. Ƴan wannan ɗariƙa ba sa bin cocin gwamnatin Ingila, ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, kuma ba sa son ado. Tufafinsu baƙi ne, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa. Amma suna ba karatu muhimmanci sosai, suna da nasu makarantu har cikin ƙauyuka. A irin wannan makaranta John ya fara karatu, a hannun wani malami mai suna John Fletcher. Wani mai hali na ƙauyen, Elihu Robinson, ya lura da kaifin kan yaron a lissafi, ya riƙa kiransa gida yana ƙara masa darasi. Shi Robinson mai sha'awar auna yanayi ne, kuma daga wurinsa Dalton ya ɗauki wannan ɗabi'a da bai bari ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Da yake gidan ba shi da ƙarfin ci gaba da ɗaukar nauyinsa, tun yana shekara 12 ya fara koyarwa a ƙauyen. Wasu daga cikin ɗaliban sun girme shi. Makarantar ba ta daɗe ba, abin da take kawowa bai taka kara ya karya ba, sai ya koma aikin gona na ɗan lokaci.

A 1781, yana shekara 15, ya bi wansa Jonathan zuwa garin Kendal, mai nisan kimanin kilomita 70 daga gida. A can wani ɗan uwansu, George Bewley, yana riƙe da makarantar kwana ta ƴan ɗariƙar. Da Bewley ya ajiye aiki a 1785, makarantar ta koma hannun ƴan uwan biyu, ƴar uwarsu Mary kuma tana kula da gida. Shekara 12 Dalton ya yi a Kendal, da rana yana koyarwa, da dare yana koyo.

Wanda ya fi koya masa a wannan lokaci makaho ne. Sunansa John Gough, ciwon agana ya makantar da shi tun yana ƙaramin yaro, amma ya zama masanin lissafi da harsuna da tsirrai, har yakan gane tsiro ta hanyar taɓawa da ɗanɗano da shinshina. Gough ya koya wa Dalton Latinanci da Girkanci da Faransanci da zurfafan lissafi, shi kuwa Dalton yana yi masa karatu da rubutu. A 1787 Dalton ya buɗe littafin da yake rubuta yanayin kowace rana. Ya riƙe shi shekara 57, kuma abubuwan da ya auna ya rubuta a ciki sun haura 200,000.

Ya so ya karanta aikin likita ko na lauya, amma dangi ba su ba shi goyon baya ba, ga rashin kuɗi, ga kuma jami'o'in Oksfod da Kambirij a wancan zamani ba sa ba da digiri ga wanda ba ya bin cocin gwamnati. Sai ya ci gaba da riƙon alli.

Furen da ya sauya launi da dare

Tun yana yaro Dalton yana jin sunayen launuka suna ruɗa shi, amma bai taɓa zargin idonsa ba. Abin da ya ɗauka shi ne, mutane ne ba su tsara sunayen da kyau ba. Ga misali, launin ruwan hoda a idonsa ɗan uwan shuɗi ne, kamar sararin samaniya. Yakan yi mamakin dalilin da ya sa mutane ke haɗa shi da ja, amma sai ya bar abin a matsayin al'ada ta magana.

A 1790 ya fara nazarin tsirrai, yana tara furanni yana busar da su cikin takarda. Nan abin ya fara damunsa, domin mai nazarin fure dole ya faɗi launinsa. Fari da rawaya ba su ba shi wahala ba. Amma shuɗi, shunayya, ruwan hoda da ja mai duhu, duk kusan abu ɗaya ne a wurinsa. Sau da yawa yakan tambayi mutum da gaske ko wannan fure shuɗi ne ko ruwan hoda, sai a yi dariya, a ɗauka ba'a yake yi.

A ƙarshen 1792 ne abin ya fito fili. Akwai wani furen tukunya da Turawa ke kira jeraniyom, mai launin ruwan hoda. Da rana Dalton yana ganinsa shuɗi sak, kamar samaniya. Wani dare ya dube shi a hasken kyandir, sai ya ga shuɗin ya ɓace gaba ɗaya, furen ya koma abin da shi yake kira ja. Ya yi tsammanin kowa haka yake gani, ya kira abokansa su zo su sha mamaki tare da shi. Dukansu suka ce furen bai sauya ba, yadda yake da rana haka yake da dare. Mutum ɗaya ne kawai ya ga abin da John ya gani, shi ne wansa Jonathan.

Daga nan ya daina ɗora laifi a kan sunaye, ya fara binciken idonsa. Ya bi launuka ɗaya bayan ɗaya yana rubuta yadda yake ganinsu. A cikin bakan gizo, ko hasken rana da aka rarraba da gilashi, inda mutane ke ƙirga launi shida ko bakwai, shi biyu yake gani, in ya yi yawa uku: rawaya, shuɗi, wani lokaci da shunayya. Wurin da mutane ke kira ja, a idonsa kamar inuwa ce ko ƙarancin haske. Ruwan goro da rawaya da tsanwa kuwa launi ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani ƙarfi. Ciyawa ba ta da wani babban bambanci da ja. Ganyen wata bishiya yana kama da jan kakin da ake liƙe wasiƙa da shi. Safar da jini ya ɓata da wadda laka ta ɓata, da ƙyar yake rarrabe su. Zaren ulu da aka rina ja mai duhu da wanda aka rina shuɗi mai duhu, duk ɗaya ne a wurinsa.

Ya gwada ɗalibansa

A 1793 Dalton ya bar Kendal ya koma Manchesta, birnin masaƙu da ke bunƙasa a lokacin. Da taimakon Gough ya samu aikin koyar da lissafi da kimiyya a wata kwaleji ta waɗanda ba sa bin cocin gwamnati. A shekarar ce kuma ya fitar da littafinsa na farko, a kan yanayi. A 1794 aka karɓe shi cikin ƙungiyar adabi da kimiyya ta birnin, kuma ranar 31 ga Oktoba na wannan shekara ya karanta musu takardarsa a kan ganin launuka. An buga ta a 1798.

Ba shi ne mutum na farko da aka ba da labarinsa ba. Tun a 1777 wani matuƙin jirgin ruwa, Joseph Huddart, ya rubuta labarin wani mai ɗinkin takalma mai suna Harris, a garin Maryport, ba nisa da ƙauyen su Dalton. Harris ya tuna cewa yana ɗan shekara 4 ya tsinci safar yaro a kan hanya, ya ji mutane suna ce mata jar safa, ya rasa dalilin da ya sa kalmar safa kaɗai ba ta ishe su ba. Ya kuma lura cewa sauran yara suna hango jajayen ƴaƴan itace tun daga nesa, shi kuwa sai ya matso kusa ya gane su ta siffarsu a cikin ganye. Dalton ya nemi wannan gida. Ya samu labarin cewa cikin ƴaƴa maza shida, huɗu suna da matsalar. Ya aika da ƙyallaye kusan 20 masu launi iri-iri, a nuna wa wanda ke raye a cikinsu da rana da kuma a hasken kyandir. Amsoshin da aka dawo masa da su sun yi daidai da yadda shi kansa yake gani.

Sannan ya yi abin da ya fi dacewa da malami, ya juya ga ajinsa. Ya yi wa ɗalibai 25 bayanin lamarin, sai ya tarar biyu daga cikinsu irin idonsa gare su. A wani karo ya sake samun ɗaya. Abin da ya rubuta game da yaran nan shi ne zuciyar takardar. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san yana gani daban da mutane. Kamar shi, duk sun ɗauka sunayen launuka ne ke da rikitarwa. Gaba ɗaya ya tattara labarin mutane kusan 20, ya lura cewa abin yana bin gida, kuma bai ji labarin mace ko ɗaya mai shi ba.

Dalilin da ya sa abin ke ɓuya haka ba shi da wuyar ganewa. Yaro ba ya koyon launi da awo, da baki yake koyonsa. An ce masa jini ja ne, ganye tsanwa ne, samaniya shuɗiya ce, ya haddace. In aka tambaye shi launin ganye zai ba da amsa daidai, ko da kuwa a idonsa ganyen da jan tumatir kusan ɗaya ne. Sai ranar da aka ba shi abin da bai haddace ba, kamar fensiran launi a cikin kwali, sannan kuskuren ya bayyana.

Dalton ya kuma kawo nasa hasashen dalili. Ya yi zaton ruwan da ke cikin ƙwayar idonsa, mai kauri kamar farin ƙwai, yana da launin shuɗi, shi ne yake tare jan haske kafin ya isa bayan ido. Wani masani na zamaninsa, Thomas Young, bai yarda ba. Shi ya ce a bayan ido akwai masu karɓar haske iri uku, kuma ɗaya daga ciki ne Dalton ya rasa. Dalton ya tsaya a kan ra'ayinsa, amma ya bar wasiyya cewa in ya mutu a buɗe idonsa a duba.

Ƙwayar zarra da ɗaukaka

A 1800 ya bar kwalejin, wadda ke fama da rashin kuɗi, ya koma koyar da yara a ɗakinsa ana biyansa. Da wannan ya ci abinci kusan har ƙarshen rayuwarsa. Ƙungiyar masanan Manchesta ta ba shi ɗakin gwaje-gwaje, ta naɗa shi magatakarda a 1800, sannan shugaba daga 1817 har rasuwarsa.

Nazarin iska da tururi ne ya kai shi ga babban aikinsa. A 1801 ya nuna cewa idan iskoki daban-daban suka gauraya a wuri ɗaya, kowace tana yin nata matsi kamar ita kaɗai ce, kuma jimillarsu ce matsin duka. Har yau ana koyar da wannan doka da sunansa a darasin fizik da shimi. A 1803 ya tsara jadawalin farko na nauyin ƙwayoyin zarra, yana kwatanta su da na haidirojin. A 1808 ya fitar da kashi na farko na littafinsa a kan sabon tsarin ilimin sinadarai. A ciki ya bayyana cewa kowane sinadari na asali yana da nasa irin ƙwayar zarra mai nata nauyi, kuma ƙwayoyin suna haɗuwa ne bisa ƙidaya mai sauƙi, ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu, da sauransu. Wasu alƙalumansa ba su yi daidai ba, misali ya ɗauka ruwa ƙwaya ɗaya ce ta haidirojin da ɗaya ta oksijin, amma tushen da ya kafa shi ake bi har yanzu. Ma'aunin nauyin ƙwayar zarra ma ana kiransa dalton.

Faransawa sun riga ƴan ƙasarsa karrama shi. Cibiyar kimiyya ta Faransa ta zaɓe shi wakili a 1816, ya ziyarci Paris a 1822 inda ya gana da manyan masana irin su Laplace da Gay-Lussac, kuma a 1830 cibiyar ta sa shi cikin baƙi takwas da take ba babban matsayinta. Babbar ƙungiyar masanan Landan ta karɓe shi a 1822, ta ba shi lambar sarki a 1826. A harshen Faransanci ne kuma sunansa ya manne wa matsalar ido: wani masani na birnin Jeneba, Pierre Prévost, shi ya fara amfani da kalmar daltonien. Masanan Ingila ba su ji daɗin haka ba, suna ganin bai kamata a riƙa tuna babban mutum da naƙasarsa ba, sai suka zaɓi cewa makantar launi. Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci da wasu harsuna suka riƙe sunan Dalton.

A 1832 jami'ar Oksfod, wadda ba zai iya shiga ba yana saurayi, ta ba shi digirin girmamawa. A 1833 gwamnati ta yanka masa fansho na fam 150 a shekara, ta ninka shi a 1836. Da za a gabatar da shi ga Sarki William na huɗu a 1834, sai aka samu cikas, domin kayan fada sun haɗa da takobi, shi kuwa ɗan Kweka ba ya rataya makami. Masanin lissafi Charles Babbage, wanda ya shirya ziyarar, ya kawo shawarar ya sa alkyabbar digirinsa ta Oksfod. Alkyabbar ja ce wur, irin launin da ƴan ɗariƙarsa ke gudu, amma a idon Dalton ba ta da wani ƙyalli. Da ita ya shiga fada.

Duk wannan bai sauya masa rayuwa ba. Bai yi aure ba. Ya shekara 26 yana haya a gidan wani abokinsa, William Johns, da iyalinsa. Ranar Alhamis da yamma yakan fita wasan ƙwallon murzawa a kan ciyawa, kowace shekara kuma yakan koma duwatsun yankinsu ya hau da kayan awonsa. Cikin yaran da ya koyar a shekarunsa na ƙarshe akwai James Joule, wanda yau ake kiran ma'aunin makamashi da sunansa.

Wasiyyar ido

A 1837 shanyewar jiki ta same shi, ta sake dawowa a 1838, maganarsa ta yi nauyi, amma bai daina awo ba. Ranar 26 ga Yuli 1844 ya rubuta yanayin ranar da hannu mai rawa. Washegari, 27 ga Yuli, aka same shi ya faɗo daga gado, rai ya yi halinsa. Yana da shekara 77. An ajiye gawarsa a zauren birnin Manchesta, inda mutane fiye da 40,000 suka zo ban kwana.

Likitansa Joseph Ransome ya cika wasiyyar. Ya buɗe ido ɗaya, ya tarar ruwan ciki garau yake, babu alamar shuɗi. Ɗaya idon kuwa ya yanke ɗan bayansa ya leƙa ta ciki, ya dubi abu ja da abu tsanwa, ya gan su yadda suke. Hasashen Dalton ya faɗi. Ransome bai zubar da ragowar idanun ba, aka adana su a hannun ƙungiyar masanan birnin. A watan Disamba na 1940 bama-baman yaƙin duniya na biyu suka ƙone ginin ƙungiyar tare da yawancin takardun Dalton, amma idanun sun tsira.

A 1995, bayan shekara 150, wasu masana huɗu na Landan da Kambirij, David Hunt, Kanwaljit Dulai, James Bowmaker da John Mollon, suka ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki daga busasshen idon suka binciki ƙwayoyin gadonsa, waɗanda ake kira ADN. Suka tarar Dalton ba shi da ƙwayar gadon da ke samar da mai karɓar hasken tsanwa. Ashe Young ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ya yi zaton mai karɓar ja ne ya ɓace. Ragowar idanun suna nan a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchesta.

Abin da aka sani yau

A bayan idon mutum akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyi masu karɓar haske. Waɗanda ke gane launi iri uku ne: wasu sun fi jin haske na ɓangaren ja, wasu na tsanwa, wasu na shuɗi. Ƙwaƙwalwa tana kwatanta saƙon ukun ta fitar da launi. In iri ɗaya ya ɓace, ko yana nan amma bai daidaita ba, sai launukan da ya kamata su rabu su haɗe. Mafi yawan masu matsalar suna ganin launi, kuma ganinsu na nesa da na kusa lafiya lau yake. Waɗanda ba sa ganin launi ko kaɗan ƴan ƙalilan ne ƙwarai.

Abin da Dalton ya lura da shi game da maza da mata shi ma ya samu bayani. Ƙwayoyin gadon ja da tsanwa suna kan kuromozom da ake kira X. Namiji ɗaya gare shi, daga uwa yake samunsa. Mace biyu gare ta, in ɗaya ya samu tangarɗa ɗayan ya rufe. Saboda haka uba ba ya ba ɗansa namiji wannan matsala, amma yana iya ba jikansa ta hanyar ƴarsa, ita kuwa ƴar tana gani lafiya. A cikin Turawan arewacin Turai kimanin namiji 1 cikin 12 ne ke da ita, mata kuwa kimanin 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba. Amma ko da an ɗauka yara maza 2 ko 3 ne kawai cikin 100, makarantar da ke da maza 300 ba za ta rasa shida zuwa tara ba.

A aji, wurare da yawa ne yaron ke tuntuɓe. Littattafan lissafi da dama suna raba ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa ta hanyar launi. Malami yakan rubuta muhimmiyar kalma da jan alli a kan allo mai duhu, yakan yi gyara da jan bik a cikin kaye. Taswirar ƙasa tana nuna tudu da kwari da ruwan ƙasa da tsanwa. A kwaleji, gwajin sinadarai yakan dogara da ruwan da ke sauyawa daga rawaya zuwa tsanwa zuwa shuɗi. A makarantun koyon sana'a, wayoyin lantarki da ƙananan kayan rediyo da launi ake gane su. Ko tutar Nijar ma, ruwan goro a sama, tsanwa a ƙasa, launuka biyu ne daga cikin waɗanda Dalton ya ce kusan ɗaya ne a idonsa. Yaron da aka ce ya zana tuta ya juya fensiran biyu, mai yiwuwa bai ga bambancinsu ba ne. In ba a sani ba, sai a ce masa daƙiƙi ko mai taurin kai, ƴan aji su yi masa dariya, wani lokaci har bulala ta shiga. Yaro irin wannan yakan koyi yin shiru, ya riƙa leƙen na kusa da shi, ko ya tsani darasin gaba ɗaya.

Wadda aka haifi mutum da ita ba ta da magani, ba ta kuma ƙaruwa da shekaru. Tabarau masu launi da ake tallatawa ba sa warkar da ita. Amma gano ta ba shi da wuya. Tun 1917 wani likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar da littafin gwaji mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye cikinsu, kuma har yau da shi likitocin ido ke aiki, cikin ƴan mintoci an gama. A gida ko a aji, hanyar Dalton tana nan: maimakon a tambayi yaro sunan launi, a zuba masa ƙyallaye ko zare ko fensira masu yawa a hasken rana, a ce ya ware masu kama da juna. Wanda ya haɗa ja da ruwan ƙasa da tsanwa wuri ɗaya, ko ruwan hoda da shuɗi mai haske, ya kamata likitan ido ya duba shi. Wanda kuwa da yana ganin launi daidai sai daga baya abin ya fara dushewa, wannan wani lamari ne daban da ke bukatar asibiti da gaggawa, domin ciwon sukari, hawan jinin ido da wasu magunguna suna iya jawo shi.

In an gano, taimakon ba ya bukatar kuɗi. A rubuta sunan launi a jikin kowane fensir. A yi amfani da farin alli ko rawaya, a ja layi ƙarƙashin muhimmiyar kalma ko a kewaye ta. A taswira da jadawali a ƙara harafi ko alama kusa da launi. A zaunar da yaron inda haske ke isa, a kuma yi wa ƴan ajin bayani don ba'a ta ƙare. Sanin da wuri yana da amfani ga zaɓen sana'a, domin tuƙin jirgin sama, jirgin ƙasa da jirgin ruwa, da wasu sassan aikin soja da na lantarki, ana gwada ganin launi kafin a ɗauki mutum. Gara saurayi ya sani tun yana kwaleji da ya sani a ranar gwajin likita, bayan ya ƙare shekaru yana shiri. Sauran ayyuka kuwa, koyarwa, kasuwanci, lissafi, shari'a, aikin jarida da binciken kimiyya, duk a buɗe suke gare shi, kamar yadda suka kasance ga Dalton.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ɗalibai biyun nan na Dalton da sun gama makaranta ba tare da sun san halin idonsu ba, da malaminsu bai tsaya wata rana ya yi wa ajin bayani ya kuma tambaye su abin da suke gani ba. Duk malamin da ke da kwalin fensiran launi da rabin sa'a zai iya yin wannan tambaya a ajinsa.